An Ɗauke Masa Alƙalami, Mu Fa?

 

Ya ku ƴan'uwa, akwai wata kalma da bakinmu ya saba da ita duk lokacin da aka ambaci yaro ko babba wanda Allah Ya halitta da raunin fahimta. Sai ka ji an ce, "Ai wannan na Allah ne." Wani ya ce ɗan Aljanna ne, wani ya ce an ɗauke masa alƙalami, wani ma ya kai ga cewa majazubi ne, a nemi addu'arsa. Kalmomi ne masu daɗi, sun kuma fi "wawa" da "dolo" da "gaula" waɗanda yara ke jifansa da su a kan hanya. Amma abin da ya daɗe yana damuna shi ne abin da ke biyo bayan kalmar. Sau da yawa a miƙa masa dala goma, a shafa kansa, a wuce. Ba wanda zai tambaya ko ya iya wanke jikinsa, ko an taɓa zaunar da shi gaban allo, ko ina rabonsa na gonar mahaifinsa ya shiga. Muna mayar da shi ga Allah da baki domin mu sauke shi daga wuyanmu, alhali Allah da kanSa ne Ya ɗora mana shi.

Bari mu rarrabe tukuna, domin harshenmu ya tara mutane iri-iri a ƙarƙashin suna ɗaya. Mai taɓin hankali daban yake: mutum ne da yake lafiya lau, ciwo ya same shi daga baya, kuma sau da yawa magani na dawo da shi. Mai farfaɗiya ma daban yake, ciwonsa na ƙwaƙwalwa ne, yana da magani, kuma ba a ɗaukarsa ta miyau ko ta taɓawa kamar yadda ake tsoratar da mutane. Wanda nake magana a kansa shi ne wanda tun yarinta fahimtarsa ke tafiya sannu-sannu. Ya makara wajen zama da tafiya da magana, abin da tsaransa suka kama a yini ɗaya shi sai ya yi wata, lissafin canji na ba shi wuya, ba ya saurin gane mai yaudara. Malaman fiƙihu sun san wannan bambanci tun da daɗewa, shi ya sa suka ware majanuni da ma'atuhi da safihi, kowanne da hukuncinsa. Masana lafiya na ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 na da irin wannan rauni, kuma mafi yawansu nasu mai sauƙi ne, wato suna iya koyon kula da kansu da yin sana'a in an samu mai haƙurin koya musu. A ƙasa irin tamu mai mutum sama da miliyan 25, ku yi lissafin da kanku. Ba zawiyar da za a ce babu irinsu a unguwar da take.

Sababin kuwa ba ɓoyayye ba ne kamar yadda ake zato. Wani tun daga halitta ne, kamar yaran da likitocinmu ke kira masu tirizomi 21. A cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum akwai wasu zaruruwa 46 da ke ɗauke da gadon siffofinsa, suna tafiya biyu-biyu. Su waɗannan yara suna da 47, domin na 21 ya zo uku maimakon biyu. Wani likita ɗan Ingila, John Langdon Down, ya siffanta su a 1866, sai a 1959 aka gano sababin a Faransa. Ba laifin uwa ba ne, ba abin da ta ci ba ne, ba kuma aljani ne ya musanya mata ɗa a bakin rafi ba. Wani kuma doguwar naƙuda ce ta hana iska kaiwa ga ƙwaƙwalwarsa, wani shawara ce ta kama shi yana jariri ba a kula ba, wani sanƙarau ne, wanda ƙasarmu ke tsakiyar yankin da yake addaba, wani zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai, wani tamowa. Rashin sinadarin iyod a abincin mai ciki, wanda shi ne ke kawo maƙoƙo, na cikin manyan sababan da ake iya kare su, kuma kariyar ba ta wuce gishiri mai iyod ba. A 2010 maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da gubar dalma ta yi lokacin da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje: yara aƙalla 400 suka rasu, wasu da suka rayu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu.

Na kawo wannan ne saboda sunan da muka ba abu shi ke nuna mana inda za mu kai shi. In mun ce jazba ce, ba za mu je likita ba. Alhali kusan rabin yaran tirizomi ana haihuwarsu da matsalar zuciya, da yawa kuma ba sa ji sosai, kuma yaron da kunnensa bai ji da kyau sai a ɗauka rauninsa ya fi yadda yake. Tawakkalin da aka karantar da mu bai taɓa cewa a bar riƙo da sababi ba.

To, amma wani ɗan'uwa zai ce: kai ɗan jami'a, kana musun cewa a cikinsu akwai waliyyai? Ba na musu. Littattafan magabata cike suke da labarinsu. Naisaburi, wanda ya rasu a 406 bayan Hijira, ya tara littafi guda a kan masu hikimar da mutane ke ɗauka mahaukata, kuma labaran Bahalulu a zamanin Haruna Rashidu sun shahara. Ibn Khaldun ma a Muƙaddimarsa ya yi magana a kan wasu mutane da aka halitta da ƙarancin wayo tun farkon tashinsu, ya tabbatar cewa walittaka na iya inganta gare su ko da hankalin da ake ɗora takalifi a kansa bai cika ba, domin falalar Allah ba ta rataya ga abin da muke aunawa. Na yarda da wannan, kuma kyautata zato ga bayin Allah na cikin farkon ladabin da muridi ke koya.

Sai dai a lura da abu biyu. Jazba a wurin ma'abota wannan ilimi hali ne da Allah ke fizgar bawa da shi zuwa gare Shi, kuma sun yi bayaninta filla-filla. Suhrawardi a Awariful Ma'arif ya rarraba tsakanin mai suluki da majazubi da wanda ya haɗa biyun. Ba kowane yaron da sanƙarau ya taɓa ne ya shiga wannan babi ba, kuma sanin wane ne wane ba aikin irinmu ba ne. Na biyu shi ne ya fi muhimmanci. A ƙaddara ma waliyyi ne. Waliyyi ba ya jin yunwa? Ƙaya ba ta sukar ƙafarsa in ba takalmi? In da gaske mun yi imani cewa wannan bawan na kusa da Allah ne, yaya muka bar shi da riga ɗaya tun daga damina har hunturu, yara na bin sa da tsakuwa, samari na ɗaukar bidiyonsa suna yaɗawa a WhatsApp da TikTok ana dariya? Shehinnanmu da muka tabbatar da girmansu, muna rige-rigen ɗaukar musu buta da takalmi. Wannan kuwa sai mu karɓi addu'arsa mu bar shi a rana. Wanda ya nemi albarkar mutum bai nemi sanin damuwarsa ba, amfani ya yi da shi, ko da kuwa da sunan girmamawa ne. Ina jin tsoron nafsu ce ta samo mana hanya mai arha: albarka da dala goma, ba tare da wahalar hidima ba.

Maganar ɗauke alƙalami gaskiya ce. Ta zo a hadisin da Abu Dawuda da wasunsa suka ruwaito, game da mai barci da yaro da wanda hankalinsa ya gushe. Amma ma'anarta ita ce ba a rubuta masa zunubi gwargwadon abin da ya kasa ganewa. Ba a ɗauke masa haƙƙi ba. Malaman usulu sun raba cancanta gida biyu: cancantar a bi mutum bashin aiki, da cancantar mutum ya mallaki haƙƙi. Ta farko ce ke raguwa da raunin hankali. Ta biyu kuwa cikakkiya ce ga kowane ɗan Adam tun daga haihuwarsa. Shi ya sa mai raunin fahimta ke cin gado daidai da ɗan'uwansa mai digiri, ba a rage masa ko taƙi ɗaya na gona. A mazhabarmu ta Malikiyya har zakka ana fitarwa daga dukiyarsa in ta kai nisabi, abin da ke nuna cewa shari'a na kallon dukiyar a matsayin tasa ce ta gaske. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana a miƙa wa safihai dukiya su lalata, amma a wuri guda ta yi umarni a ciyar da su, a tufatar da su, a kuma yi musu magana mai daɗi. Wasu malaman tafsiri sun fahimta daga lafazin ayar cewa ana son waliyyi ya juya dukiyar ne, a ciyar da mai ita daga riba, kada uwar kuɗin ta ƙare. Ku gwada wannan da abin da muke gani: mahaifi ya rasu, yayye su raba gona da shanu, a ce ai wane bai san amfaninsu ba, in ya samu tuwon dare ya gode. Shi an ɗauke masa alƙalami. Su da suka ci rabonsa, nasu alƙalamin na nan yana rubutu.

Akwai wani hadisi da nake ganin ya kamata kowane mai kula da irin waɗannan bayin Allah ya zauna da shi. Wani sahabi, wanda malamai da yawa suka ce Habbanu ɗan Munƙizu ne, wasu suka ce mahaifinsa ne, ya samu rauni a ka, ya zama ana yawan cutarsa a ciniki. A ruwayar Anas, danginsa suka zo wurin Annabi (S.A.W) suka nemi a hana shi saye da sayarwa. Shugaba ya kira shi ya hana shi, sai mutumin ya nuna cewa shi fa ba zai iya haƙura da ciniki ba. A nan ne abin lura yake. Annabi (S.A.W) bai ce a kulle shi a gida ba. Ya koya masa wata gajeriyar kalma da zai riƙa faɗa duk lokacin ciniki, mai nuna cewa ba yaudara a tsakani, kuma a wasu ruwayoyi ya ba shi zaɓin kwana uku, in ya ga an cuce shi ya mayar da kaya. Muslim ya ruwaito cewa harshensa ma bai iya furta kalmar daidai ba, yana karkata harafi, amma haka ya riƙa faɗinta, aka kuma karɓa.

Ku dubi abubuwan da ke cikin wannan. An saurari mutumin da kansa, ba danginsa kaɗai ba. An ɗauki son da yake yi wa sana'arsa a matsayin abu mai nauyi. An ba shi kayan aiki daidai da ƙarfinsa, kalma ɗaya da zai iya riƙewa. Sannan aka ɗora sauran nauyin a kan kasuwa: duk wanda ya ji kalmar ya san da wa yake ciniki, ya san kuma cinikin na iya dawowa. Wato an gyara kasuwa domin ta ɗauke shi. A jami'a ana karantar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 a kan haƙƙin masu naƙasa, wadda Nijar ta amince da ita a 2008, kuma sashenta na 12 na cewa a tallafa wa mutum ya yanke shawararsa maimakon a yanke masa. Masana na kallon wannan a matsayin babban ci gaba, kuma haka ne. Ni dai duk lokacin da aka zo wurin, kasuwar Madina nake tunawa. Haka kuma matar da Muslim ya ruwaito labarinta daga Anas, wadda akwai wani abu a hankalinta: ta ce tana da buƙata, Shugaba (S.A.W) ya kira ta da alkunya, ya bar mata zaɓin hanyar da take so su tsaya, ya tsaya da ita har ta gama. Lokacinsa ya ba ta, shi da al'umma duka ke jira.

Lokaci kuwa shi ne abin da ya fi mana wuyar bayarwa. Koya wa mai raunin fahimta ba sihiri ba ne. A yanka aikin ƙanana-ƙanana, a nuna masa da hannu maimakon dogon bayani, a maimaita a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, a yaba masa in ya yi daidai, kada a wuce mataki sai ya zauna. Alwala ana iya yin wata guda a kan wanke hannu da kurkurar baki kaɗai, ba laifi. Kuma gara a fara tun yana ƙarami, domin ƙwaƙwalwar yaro ta fi karɓa a shekarun farko. Wani abin mamaki, makarantar allo tamu ta fi lakwal dacewa da wannan ta wani ɓangare, domin a allo kowa da inda yake, ba a wanke maka sai ka riƙe, ba jarrabawar ƙarshen shekara da za ta kore ka. Abin da ke ɓata ta shi ne bulala. Yaron da bai gane ba, duka ba ya ƙara masa fahimta, tsoro yake ƙara masa, har ya daina gwadawa. Malamin da ya kai irin wannan yaro ga Fatiha da ƙananan surori uku cikin shekara biyu, ni a wurina ya yi aikin da bai gaza na wanda ya yaye mahaddaci ba.

A unguwarmu akwai wani saurayi da aka daɗe ana cewa ba abin da zai iya. Wani kawunsa ya ba shi jar akuya ɗaya irin ta Maraɗi a kan tsarin habbanaye, wato ya yi kiwo, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta koma. Ba ya iya ƙirga kuɗi har yau, ƙanwarsa ce ke raka shi kasuwa. Amma ba akuyar da ta kai nasa ƙoshi a layin, domin ba ya mantuwa da lokacin ruwa da harawa, ba ya kuma gajiya da maimaita abu ɗaya kamar yadda mu muke gajiya. Abin da ya fi canzawa shi ne yadda ake gaishe shi. Da can "yaya jiki" ake ce masa kamar mara lafiya, yanzu "yaya dabbobi". Irin waɗannan ayyuka suna da yawa: ban ruwa a garka, tsintar albasa da ɗura ta a buhu a ƙasar Galmi, ɓarar gyaɗa, taya mai shago jera kaya. Sharaɗi dai a biya shi ladansa cikakke, domin akwai masu ɗaukarsu aiki saboda sun san ba za su yi gardamar kuɗi ba, kuma wannan zalunci ne tsagwaronsa.

Na san za a ce talauci. Gidan da ke neman na hura da ƙyar, ina zai samu lokacin wannan? Magana ce mai nauyi, ba na raina ta. Kuma akwai waɗanda rauninsu ya yi tsanani, ba za su taɓa yin sana'a ba, sai an ciyar da su an yi musu wanka har ƙarshen rayuwa. Ga waɗannan, rayuwa mai kyau ita ce tsabta, da rashin ciwo, da a fito da su cikin mutane su sha iska, da a san abin da ke sa su murmushi, domin kowannensu na da shi. Amma daidai saboda nauyin ya fi ƙarfin gida ɗaya ne bai kamata a bar shi kan mace ɗaya ba. A mafi yawan gidaje uwa ce ke ɗauke da komai, wani lokaci bayan an sake ta an ce daga danginta abin ya fito. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa Maulidi, ba ta barci cikakke. Mu da muke iya tara kuɗin mota zuwa ziyara cikin mako guda, muna iya tsara mata ƴan'uwa mata biyu ko uku da za su karɓe ta yini ɗaya a mako.

Za a kuma ce sakin su cikin jama'a haɗari ne, musamman ƴan mata. Wannan ma gaskiya ce mai ɗaci. Akwai marasa tsoron Allah da ke farautar yarinyar da suka san ba za ta iya ba da labari ba, ko in ta bayar ba za a yarda ba. Amma kulle ta a ɗaki bai isa kariya ba, domin sau da yawa mai cutarwar na gida ne ko maƙwabci. Abin da ya fi kare ta shi ne a koya mata da kalmomi masu sauƙi wane wuri ne a jikinta ba a taɓawa, wa za ta gaya wa, kuma in ta faɗa a yarda da ita a bincika, kada a rufe don gudun kunya. Haka batun aure: akwai wanda zai iya zaman aure da taimakon dangi, kuma haƙƙinsa ne, akwai kuma wadda ake aurarwa don a rabu da ita kawai, ba ta ma san me ake ɗaurawa ba. Waliyyi amana aka ba shi, maslahar wanda yake riƙo ita ce ma'auni.

A zawiya fa? Ko za a ba irin wannan ɗan'uwa wuridi ko ba za a ba shi ba, wannan na muƙaddamai ne, su suka san sharuɗɗa. Amma istigfari da salatin Annabi da kalmar shahada ba wanda aka rufe wa ƙofarsu. In ya zo wazifa ko zikirin Juma'a, a matsa masa ya zauna cikin mutane, kada a tura shi wajen takalma. In ya ɗaga murya inda ba a ɗagawa, ko ya riga jama'a, a yi haƙuri, wani ya zauna kusa da shi ya riƙa nuna masa. A kira shi da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa. Suratul Hujurati ta hana izgili da jifa da munanan laƙabi, ba ta kuma ware kowa ba. A ba shi hidima tasa ta kansa, shimfiɗa tabarmi ko cika butoci, wadda in bai zo ba za a ji rashinsa a aika a tambaya. Mu samari kuma, fadarmu ta shayi ma wuri ce: ya zauna a matsayin aboki, a daina sa shi rawa ko maimaita wata kalma don a yi dariya.

Akwai tambayar da kowace uwa mai irin wannan ɗa ke kwana da ita, ba ta cika faɗa ba: in na mutu wa zai riƙe shi? Shari'a ta buɗe ƙofar wasiyyi, wato uba ya ayyana tun yana raye wanda zai kula da ɗansa da dukiyarsa bayan ransa. Muƙaddami ko limamin unguwa na iya zaunar da iyali tun kowa na da lafiya, a faɗi wanda zai riƙe shi, a faɗi wanda zai riƙa duba mai riƙon, a auna rabonsa na gona a san iyakarsa, a rubuta a takarda da shaidu biyu, kowane ɓangare ya ajiye kwafi. Shi ma a zaunar da shi a wurin, a tambaye shi gidan wa yake so ya zauna, a ba shi lokaci ya amsa.